Ruwan Unguwar Yamma

Litinin, 15 ga Afrilu, bayan azahar

Yau ma ruwa bai je Unguwar Yamma ba.

Ina wanke-wanke na ji sallamar Muntaka a zaure, da muryar da ba gaisuwa ce ta kawo mai ita ba. Shi ne mai turken bijimai a Yamma. Inna Hure, surukata, ta ce in yi zamana, ita za ta fita. Ina jin su ta katanga. Ya tambayi jikin ɗanta da ke asibiti a gurguje, sannan ya ce, "Inna, akwatin ɗanki ya san unguwar uwarsa."

Inna ta juyo cikin gida. Da ta dawo ta zauna a kan tabarma, ta daɗe tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Mijina Khalilu ne ya haɗa akwatin. Tunda rijiyoyin gidaje suka ƙafe, burtsatse ɗaya garin nan ya dogara da ita. Sola ke tuƙa inji, inji ya cika tanki, akwatin kuma, wata 'yar kwamfuta kamar tafin hannu da ke ɗakin inji, shi ke buɗe bawul, wato makunnin bututu. Gabas, unguwarmu, da safe. Yamma da azahar. Bawul ɗin na lantarki ne, ba shi da hannun murɗawa, kuma da gangan aka zaɓe shi haka don a daina faɗa kan wa zai riƙe makulli. Tun da aka kafa shi ba a ƙara jin kan kowa ba, sai watan nan.

Yaya Lawan, wan Khalilu da ke jinyarsa, ya kira daga asibiti a Kano. Ya ce yana nan yadda yake.

Talata, 16 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Malam Iliyasu, hedimasta kuma shugaban kwamitin ruwa, ya zo da hantsi. Ya ce, "Zuliha, na san ba lokacin da ya kamata in zo miki da wannan ba ne. Amma an ce aji ɗaya kuka yi da Khalilu."

Na ce aji ɗaya muka yi, amma shi ya rubuta manhajar, ni ban taɓa sa mata hannu ba.

Ya ce, "Ko dubawa ce, ki duba. Maganar ta fara wari."

Na sa hijabi na bi shi ɗakin inji. Zafin ciki kamar an rufe mutum a tanda. Muka tsaya har lokacin Yamma ya yi. Ɗan allon akwatin ya rubuta, "An buɗe Yamma." Na dafa bututun Yamma. Shiru, ba motsi, ba sanyi. Malam ya ce wani lokaci in ya kashe ya kunna sai ruwan ya tafi, wani lokaci ko gezau.

Akwatin yana faɗin abin da bai faru ba, kuma ba ya ajiye bayanin komai da zan bi in gane dalili.

Da muka fito, mata sun jera jarkoki a famfon Yamma har bakin masallaci. Ba wadda ta gaishe ni.

Laraba, 17 ga Afrilu, da magariba

Na kunna laftof, na ga sunansa a saman fayil ɗin, na rufe.

Alhamis, 18 ga Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na karanta. Daga farko har ƙarshe, sau biyu.

Babu wani layi da ya fifita Gabas. Wannan na sani tun kafin in duba, amma sai da na gani da idona na iya shan ruwa.

Ga abin da na gani kuma. Manhaja ba ta taɓa komai da hannunta. In tana son buɗe fayil, ko duba agogo, ko tura umarni zuwa bawul, sai ta roƙi uwar manhajar da ke riƙe da na'urar ta yi mata. Wannan roƙon shi muke ce wa kira. Kowane kira yana dawowa da amsa: an yi, ba a yi ba, ko an yi rabi. Khalilu yana yin kiran, amma ba ya duba amsar. Ya tura umarni, layi na gaba ya rubuta "An buɗe." Haka ko'ina, a warwatse cikin aikin, nan ɗaya can ɗaya.

Haka yake a gida ma. Ya ce "Zuliha, a ɗora shayi," yana bakin ƙofa, kafin in amsa ya kai masallaci.

A wani wuri ya bar wa kansa rubutu: "a gyara wannan bayan sallah." Na tashi na je na share tsakar gida da na riga na share.

Matsala ta biyu, manhajar ba ta tashi a laftof ɗina. Uwar manhajar akwatin daban, tawa daban, sunayen kiran ma ba ɗaya ba. Ba kuma zan mayar da akwatin garin abin gwaji ba, in ya tsaya kowa ya tsaya.

Abin da zan yi: zan ɗinka wa kowane kira riga. Fayil ɗaya, ayyuka 'yan kaɗan da sunayen da na ga dama, aika, karanta, buɗe, agogo. Duk manhajar za ta bi ta cikinsu, ba wanda zai ƙara yi wa uwar manhaja magana kai tsaye. Rigar ce za ta yi kiran, ta tsaya ta ji amsa, ta rubuta abin da aka roƙa da lokacin da abin da aka ce mata. In na sauya na'ura, rigar kawai zan sake.

Yana nan yadda yake.

Juma'a, 19 ga Afrilu, bayan la'asar

Na je Kano. Kuɗin mota daga nan Kunci ya haukace, Inna ta ce in je ni kaɗai in gano mata shi, hawan jininta ba zai bar ta ba.

Ba a barin mutum ya daɗe a ɗakin. Sun aske masa kai. Hannunsa da ɗumi. Sai na ji bakina yana ba shi labarin bawul. Na ce masa, "Ba ka duba amsa ba, Malam." Na jira ya musa, don bai taɓa barin irin wannan ta wuce ba.

A baranda Yaya Lawan ya fara faɗa mini abin da direban motar da Khalilu ya shiga ya ce game da ranar da abin ya same shi, inda aka tsayar da su da abin da ya biyo baya. Na ce, "Yaya, don Allah bari." Ya bari. Ya rame. Ya ba ni jakar Khalilu da aka tsinto, ta kayan aiki. Ban buɗe ba.

Da na dawo Inna ta tare ni tun daga zaure. Na ce mata ya yi haske. Ta kalle ni, ta ce, "To, Alhamdulillahi," ta koma ɗaki.

Asabar, 20 ga Afrilu, da hantsi

Aiki. Babu wuta tun sallah, sai in kai laftof ɗakin inji ya sha caji in dawo da shi.

Lahadi, 21 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Na bi kiran ɗaya bayan ɗaya na mayar da su cikin riga. Ido na yaji. Duk inda na ce na gama sai in tarar da wani ya ɓuya a ƙarƙashin wani aiki. Ban canza tsarinsa ba, ko sunan da ya raɗa wa abu ban taɓa ba. Akwai wanda ya sa wa suna "tankin Inna". Na bar shi.

Na yi wa laftof tasa rigar, da bawul na ƙarya wanda ke rubuta "na buɗu" a allo. Manhajar ta tashi. Karo na farko ke nan da na ga aikinsa yana gudu a gabana, a ɗakinmu, a kan gadonmu.

Asiya maƙwabciya ta shigo aron turmi. Ta ce a Yamma ana cewa wai abin da ya same shi alhakin ruwa ne. Ta ce ita dai ta faɗa mini ne don in sani. Inna na ɗaki, ban san ko ta ji ba. Na ba ta turmin.

Yana nan yadda yake.

Litinin, 22 ga Afrilu, bayan azahar

Malam Iliyasu ya ji tsoro da na ce zan sa sabuwar a akwatin. Ya ce, "In ta hana Gabas ma fa? Wallahi ba zan iya tare unguwa biyu ba."

Na ce wannan ba ta gyara komai ba, ba ta ɓata komai ba, ido kawai na sa mata. Ya ce bismillah.

Yau ruwa ya je Yamma, kamar da gayya. Rigar ta rubuta an aika, an karɓa duka. Ban koyi komai ba.

Talata, 23 ga Afrilu, ƙarfe biyu da rabi

Na kama shi.

Lokacin Yamma ya yi, allo ya ce an buɗe, bututu shiru. Na duba abin da rigar ta rubuta: an aika umarni, amsa ta dawo, "an katse." Ko harafi ɗaya bai kai bawul ba. Layin da ke samansa kuma, a daidai lokacin, inji ya tsaya.

Na zauna a kan bulo ina bin sa a hankali. A cikin rijiyar burtsatsen akwai ma'aunin ruwa. In ruwa ya ja baya, sai ya yi wa akwatin ƙararrawa a kashe inji kada ya ƙone, in ya taru a sake kunnawa. Duk kiran da ke kan hanya lokacin da ƙararrawar ta buga, uwar manhaja sai ta yanke shi ta ce a sake. Khalilu ba ya jin wannan "a sake" ɗin. Da safe rijiya ta kwana ta cika, ba ƙararrawa, Gabas ta sha lafiya. Da azahar an riga an zuƙe ta, inji na tsayawa yana tashi, ƙararrawa ba ta hutawa, umarnin Yamma yana faɗawa a tsakiya.

Gyaran layi kaɗan ne, a wuri ɗaya, cikin aika. In an katse, a sake. In rabi ya tafi, a tura ragowar. In ya ƙi gaba ɗaya, allo ya faɗi gaskiya.

Amma akwai wani abin daban da ya fi wannan girma. Bara ba a yi wannan ba saboda bara ruwan bai yi ƙasa haka ba. Rijiyar ce ke tafiya.

Ban faɗa wa Malam ba tukuna. Ina so in gwada gyaran a laftof, in sa bawul na ƙarya ya riƙa katsewa da gangan, in ga ta jure. Gobe in sha Allahu.

Laraba, 24 ga Afrilu, da la'asar

Na makara.

Da azahar ina hanya da laftof a cikin hijabi na hango taro. Samarin Yamma sun ɓalle ƙofar ɗakin inji. Wai za su haɗa wayar bawul da hannu. Wani ya fizgo wayoyi, wata ta taɓa wata. Na tarar da akwatin a ƙasa, ya yi baƙi ta gefe ɗaya, ɗakin yana warin roba.

Ba wanda ya gudu. Tsayawa suka yi suna kallona, har da waɗanda Khalilu ya koya wa ɗaura sola.

Na ɗauke shi. Da sauran zafi a jikinsa.

Alhamis, 25 ga Afrilu, da safe

Ba ruwa a Gabas, ba ruwa a Yamma. Ba akwati, ba mai kashe inji in rijiya ta ja, Malam ya ce ba za a kunna a ƙone shi ba.

Alhamis, bayan la'asar

Mata da amalanke sun nufi kududdufin da shanu ke sha, can bayan gonakin gero. Ruwan da Asiya ta kawo mana kamar kunun kanwa. Mun tace da ɗankwali, mun sa alif, mun dafa. Inna ta ƙi sha sai da na sha a gabanta.

An ce an yi dambe a kasuwa, ɗan Gabas da ɗan Yamma. An ce dagaci ya kira taro gobe.

Yaya Lawan bai kira ba. Na kira. Ya ce likita ya shigo yau ya daɗe. Na ce sai me ya ce? Ya ce yana nan yadda yake.

Juma'a, 26 ga Afrilu, bayan sallar Juma'a

An yi taron a farfajiyar makaranta. Ni kaɗai ce mace. Malam Iliyasu ya sa mini kujera a gefe, ya ce in yi bayani da Hausar da kowa zai ji.

Na ce, "Akwatin yana aika saƙo a buɗe Yamma. Rijiya ta yi ƙasa, inji yana yawan tsayawa, tsayawar tana tare saƙon a hanya. Akwatin ba ya tambaya ko saƙon ya isa. Shi ke nan."

Muntaka ya miƙe. "Wato mijinki bai iya aikin ba ke nan?"

Wani dattijo ya ce masa ya ji tsoron Allah. Na ce a bar shi.

Na ce, "Ya aika saƙo bai jira amsa ba, wannan kuskure ne, kuma nasa ne. Lokacin da ya rubuta, rijiya a cike take, saƙo bai taɓa ɓata ba. Amma bai ware kowa ba. Da ku ne da safe mu da azahar, da gidan uwarsa ne zai rasa ruwa."

Muntaka ya ce, "Da baki kowa zai faɗa."

Na ce, "To a juya. Yau ku da safe, gobe mu. Haka zan sa. Kuma ku sani, ko an gyara, ruwan ba zai kai yadda kuka saba ba sai damina ta sauka. Rijiyar na ja."

Wannan ta fi waccan dukan su. Dagaci ya tambayi wa ya ɓalle ƙofa. Kowa ya sani, ba wanda ya faɗa. Ya tambaye ni ina za a samo wani akwatin. Na ce irinsa sai an yi oda, sai an jira makonni. Malam Iliyasu ya ce akwai tsohuwar laftof a ofishinsa, batirinta ya mutu amma tana tashi da wuta.

A gaban gari na faɗi kuskurensa yana kwance. Ban san ko zai yafe mini ba. Ina jin dariya zai yi.

Asabar, 27 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Laftof ɗin Malam ta tsufa ƙwarai, maɓallai biyu sun fita, uwar manhajarta kuma wata iri ce ta uku, ba irin ta akwatin ba, ba irin tawa ba. Yadda take buɗe hanyar waya daban, yadda take sanar da ƙararrawa daban.

Da a makon jiya ne, sai na bi aikin gaba ɗaya ina tsintar kira. Yanzu fayil ɗaya ne a gabana. Aika, karanta, buɗe, agogo. Sauran aikin Khalilu ko waƙafi ban taɓa ba.

Ina bukatar wayar da za ta haɗa laftof da bawul. Na san inda take. Na buɗe jakar. Tana ciki, a naɗe da roba yadda yake yi. Hularsa ma na ciki. Ban duba sauran ba.

Lahadi, 28 ga Afrilu, da azahar

Ta ƙi. Amma yanzu in ta ƙi tana faɗin dalili. Hanyar waya ba ta buɗu ba, ga abin da aka ce. Na gyara. Agogo yana ba da lokacin wata ƙasa. Na gyara. Kaina kamar zai tsage.

Bijimin Muntaka ɗaya ya faɗi, an yanka.

Litinin, 29 ga Afrilu, bayan la'asar

Mai gyaran sola ya zo daga Ɗanbatta ya mayar da wayoyin da aka fizge. Muka ɗora laftof a kan benci, muka sa mata bulo a ƙasa don iska. Na tura umarnin gwaji. Bawul ya yi ƙas. Malam Iliyasu ya ce Allahu Akbar da ƙarfi har ya ba kansa kunya.

Inji ya tashi. Tanki na cika. Na nuna wa Malam inda zai duba: in ya ga "an katse, an sake, ya isa," ba komai. In ya ga "ya ƙi," ya aiko a kira ni.

Yaya Lawan ya ce in ce wa Inna ta yi ta addu'a. Yau bai ce yana nan yadda yake ba.

Talata, 30 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Gabas ta sha da safe. Da azahar na tsaya a ɗakin inji da hannuna a kan bututun Yamma. Inji ya tsaya, ya tashi, ya tsaya. Allo ya rubuta an katse. An sake. An katse. An sake. Ya isa.

Sanyi ya bi tafin hannuna.

Daga nan ina jiyo ihun yara a famfon Yamma. Na zauna a ƙasa. Ina so in kira Yaya Lawan ya kara masa wayar a kunne.

Talata, da la'asar

Shi ya riga ni kira.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Laraba, 1 ga Mayu, bayan azahar

Da sassafe motar ta iso da shi. Randunanmu duk ƙasa-ƙasa, jiya ba wanda ya tuna da ɗibar ruwa, mutane kuma sun cika gida. Yau Yamma ce da safe, yadda na ce a taro, yadda na sa.

Malam Iliyasu ya aiko Asiya ta tambaye ni, in na yarda zai je ya buɗe Gabas na ɗan lokaci, in faɗa masa abin da zai danna, ba wanda zai ce uffan. Ina zaune kusa da Inna, na kasa cewa e, na kasa cewa a'a.

Asiya na tsaye tana jirana aka ji ƙarar amalanke a ƙofar gida. Ta leƙa ta dawo. Muntaka ne, da bijiminsa da ya rage, da jarkoki cike har sama. Bayansa matan Yamma ne da bokitai a ka, layinsu na safe gaba ɗaya. Ba su yi sallama da ƙarfi ba. Suka riƙa shigowa suna juyewa a randa, wadda ta juye ta durƙusa gaban Inna ta fita.

Muntaka bai wuce zaure ba. Shi ya riƙa miƙa wa Yaya Lawan jarkokin da hannunsa.

Na ce wa Inna ba zan iya fita in yi masa godiya ba. Ta ce, "Zauna, 'yar nan. Ba ita ya zo nema ba."

Da ruwan aka yi masa wanka.